Taswirar Tafin Ƙafa

A zamanin Sarki Tunau ɗan Barmo, jikan Gagarau mai takobin da ba ya komawa kube a bushe, an yi wani birni mai ƙofofi tara da rijiyoyi goma sha biyu, amma talakawansa na fama da ƙishirwa kamar ba a taɓa haƙa ko ɗaya ba. Dalili kuwa, masu zanen taswira na fada sun gaji wata al'ada tun kaka da kakanni, ta zana gidan mutum gwargwadon girman rawaninsa. Gidan Waziri ya cinye rabin fatar taswirar, na Galadima ya lashe saura, Unguwar Majema kuwa, mai mutum dubu uku, ba ta fi kashin ƙuda ba. Duk ran da za a haƙa rijiya, sai Sarki ya dubi taswira ya ce, "Ga inda jama'a take," fadawa su amsa, "Gaskiya ne, Zaki!" Da haka Waziri ya tara rijiya biyar, har dawakinsa suka soma yi wa ruwa yanga.

Ana nan sai masu haƙan rijiya, waɗanda baƙi ne, suka ce guda ɗaya ta rage su koma ƙasarsu. Hankalin wani majemi mai suna Nomau ya tashi, domin tsohuwarsa Tabawa ta shekara arba'in tana jigilar tulu daga rafi mai nisa, har wuyanta ya karkace. Ya faɗi gaban Sarki ya roƙi a jinkirta kwana arba'in ya kawo wata taswira. Sarki ya yarda, don dai ya sami abin dariya.

Nomau ya keta dazuzzuka masu duhu da namun dawa, ya haye kogin yashi mai tafasa, har ya isa fadar Marmaratu, sarauniyar aljanu, mai taskar taswira dubu. Ta toshe hanci ta ce, "Ya kai ɗan Adam mai warin jima, zaɓi guda, in ka taɓa biyu ka koma kwaɗo."

Ya ga wata taswira wadda kowane wuri ke kumbura a cikinta gwargwadon gulmar da ake yi a can, ƙofar fada ta yi suntum kamar tulu. Saura kaɗan ya ɗauka don ya san masu cin namansa, ɗan Adam ke nan. Sai idonsa ya faɗa kan wata tsohuwar fata mai layi ɗaya baƙi ƙirin, kauri kamar taɓarya.

Sarauniya ta ce, "Wannan tafin ƙafa ke zana ta. Kowane taku yana ƙara wa hanya kauri, kofaton doki kuwa ba ta san shi ba."

Nomau ya gane hanyar rafi ce daga unguwarsu, ya ji tausayin uwarsa ya kama shi, ya ce, "Ranki ya daɗe, ita nake so."

Da ya komo aka shimfiɗa ta gaban Sarki. Sarki ya duba gabas, ya duba yamma, ya ce, "Ina fadata?"

Nomau ya ce, "Allah ya ja zamaninka, tana ƙarƙashin farcenka."

Waziri ya zabura ya ce, "Ƙaryar aljanu ce, Zaki!"

Sarki ya yi murmushi ya ce, "To Waziri, ɗauki tulu ka bi wannan layi da ƙafarka, ka ƙaryata ta."

Waziri ya fita da hantsi, bai dawo ba sai la'asar sakaliya, rawani a warware, tulu rabi, yana haki. Ya zube ya ce, "Zaki, in da hali a haƙa wa Majema biyu."

Aka haƙa rijiyar a tsakiyar Unguwar Majema, aka naɗa Nomau Sarkin Taswira, masu zanen fada suka zo suna tambaya yaya girman da za a yi wa gidansa. Ya ce su bar shi yadda yake. Bayan shekara ya sake warware fatar aljanu, ya tarar baƙin layin nan ya dusashe, sai wani ɗan guntu daga ƙofar Tabawa zuwa bakin rijiya, taku bakwai. Ya nuna mata, ta shafa wurin da yatsa ta ce, "Ashe dai akwai mai ƙirga sawuna." Allah da ba ya manta takun tururuwa ya sa mu dace.