Tsokar da ta Tsaya a Gindin Harshe

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso ku bar tsokanar juna.

Ta zo mu ji ta, Inna.

Tun ɗa yana cikin uwarsa, bai kai ɗan yatsa ba, Allah yakan halicci wata 'yar tsoka a gindin harshensa. Sai ta yi ta gangarowa a hankali har ta sauka a gaban wuya, ta buɗe fukafukai kamar malam-buɗe-littafi. Ita ke hura wutar jiki, yaro ya yi tsawo, ya yi wayo.

To, akwai wata mata mai saƙar faifai, sunanta Tasalla. Ta haifi 'ya mace, aka sa mata Lantana. Tsokar Lantana ba ta gangara ba. Inda aka halicce ta nan ta zauna, tana aikinta a ɓoye.

Lantana ta tashi da surutu da tsalle-tsalle, sai dai in ta kai lomar tuwo takan ƙware. Ran nan uwar ta ce, "Buɗe baki in gani." Sai ta hango wani ƙullutu ja can ciki, kamar 'yar tsada. Hankalinta ya tashi.

Sai ta kai ta wurin Nomau, wanzamin unguwarsu. Ta ce, "Baba, belu ne ya dami 'yata, a cire."

Ya leƙa, ya ce, "Belu a sama yake, wannan a ƙasa. Askata ba ta san shi ba. Ki kai ta asibitin birni."

Ta ce, "Birni da daminar nan? Wa zai haye mini rafi?"

Sai ta tafi ƙauyen gaba. Wanzaminsu ya leƙa, ya mayar da askarsa cikin zabira. Ya ce, "'Yar nan, abin da ban san sunansa ba, ba na yanka shi."

Sai ranar kasuwa ta iske wani baƙon wanzami mai yawan baki. Ko leƙawa bai yi da kyau ba, ya ce, "Wannan? Kafin ki gyara ɗankwalinki na gama."

Ya kuwa gama. Jini ya zuba ba kaɗan ba, amma Allah ya yi da sauran kwana. Miki ya warke, Lantana ta riƙa haɗiye tuwo lafiya. Tasalla ta soya ƙosai ta yi sadaka.

Kaka ta zo, sai Lantana ta daina tsalle. Bazara ta zo, kowa na zufa, ita tana neman bargo. Shekara ta juyo, sa'o'inta duk suka kere ta. Fatarta ta bushe, muryarta ta dushe, barci ba dare ba rana. Maƙwabta suna cewa, "Kai, Lantana ta yi hankali!" Tasalla kuwa ta san wannan ba hankali ba ne.

Sai ta goya ta, ta haye rafin da ta ƙi hayewa, har asibitin birni. Likita ta shafa wuyan yarinyar, ta ɗebi jini, aka ɗauki hoto. Ta ce, "Baiwar Allah, wa ya taɓa mata harshe?"

Tasalla ta faɗa mata.

Likita ta ce, "Abin da aka yanke ba cuta ba ne. Tsokar wuyanta ce ta tsaya a hanya, kuma ita ke nan gare ta."

"Ba za ta sake tsirowa ba?"

"Ba za ta tsiro ba. Ga ƙwaya, kullum da safe ta sha ɗaya, iyakar rayuwarta."

Da ƙwayar nan jikin Lantana ya yi ɗumi, ta koma dariya, ta ƙara tsawo. Amma ba ta kamo sa'o'inta ba, kuma allonta yakan daɗe ba a wanke ba.

Wata safiya ta riƙe ƙwayar a tafin hannu, ta ce, "Inna, yaushe zan warke in daina sha?"

Tasalla ta tashi ta nufi randa. Sai ta miƙa mata moɗar ruwa, ta ce, "Yi bismilla ki sha, uwata." Ta juya fuska wajen bango har yarinyar ta fita wasa.

Ƙurunƙus kan kusu, nan ta tsaya. Yarana, in kun ga wani abu a jikin ɗan Adam ba a mazauninsa ba, kada ku yi gaggawar kai masa aska. Ku tambayi masu sani tukuna, don Allah bai halicci kome a banza ba.