Tabon Haƙora a Hannun Inna

An ce a wani gari na bakin kogi, ran da shamuwa ta dawo da albishirin damina, ta tarar da wata budurwa mai suna Ayashe zaune a gindin rimi da ƙullin kayanta, tana jiran kwalekwale. Hadari na tasowa a hankali, iska na ƙamshin ƙasa.

Shamuwa dai ba a raba ta da tambaya. Ta ce, "Ina zuwa, 'yar nan?"

"Inda ba a san sunana ba. Jiya na ji wai ina jaririya Inna ta ajiye ni a juji, ta ce a yashe ni. Na gama kwana a gidanta."

Shamuwa ta gyara tsayuwa, ta ce, "Kwalekwale bai iso ba. Saurari labarin mai ginin tukwane.

"Wata mai ginin tukwane ta binne jarirai huɗu, kowanne da sunansa mai daɗi. Da ta haifi ta biyar, tsoro ya hana ta ko kallonta. Ungozoma ta ce, 'Bari in ba ki labarin manomi da irinsa. Wani manomi yakan adana irin geronsa a sabuwar tukunya mai zane, kowace shekara ɓarawo ya ɗauke. Wata shekara ya zuba shi a fasasshen kasko, ya tura cikin toka a bayan danga. Ɓarawo ya zo, ya tsallake, har da tsaki. To, 'yata, kakanninmu sun ce mutuwa ma abin da ake ji da shi take dubawa.'

"Da hantsi mai tukwane ta kwantar da jaririyar a juji, ta ɗaga murya ta ce, 'A yashe ta, ba na so.' Ta laɓe bayan zana. Jaririya na kuka, nono na zuba, ita kuwa ta cije hannunta har jini, don kada ta ruga kafin ungozoma ta tsinto ta. Yarinya ta rayu.

"Sunan nan ya girme ki, ya girme ni, ya kuma cika garuruwa. Duk gidan da na ji ana kiran Ayashe, na san an binne yara, na san akwai uwar da ta yi ƙaryar ƙiyayya."

Kunya da tausayi suka rufe Ayashe. Ta tuna tabon nan na hannun Inna, wanda kullum take cewa ƙunar wutar tukwane ce. Ashe wuta ba ta da haƙora.

Mai kwalekwale ya iso, ya kira ta.

Ta ce, "Je ka kawai, Baba. Shamuwa, na ji."

Ta ɗauki ƙullinta ta nufi gida, yayyafi na sauka.