Fijon Maikano Ta Ƙi Tashi

Akwai wani direba ɗan Kwandiko, can ƙasar Gwaram, sunansa na yanka Abdurra'uf, amma kowa Maikano yake ce masa. Mahaifiyarsa Inna Mairama ce ta laƙaba masa, don shi ne ɗanta na fari. Kun dai san iyayenmu na da da kunyar ɗan fari: ba sa kama sunansa, ba sa doguwar magana da shi.

Maikano ya iya tuƙi, wannan ba mai ja. Illarsa ɗaya ce: kafin ka kai tsakiyar maganarka, shi ya riga ya san ƙarshenta, har ya ba ka amsa.

Yana da wata tsohuwar Fijo da yake haya da ita. Da ya samu aikin tuƙa babbar mota a Kano, sai ya kawo Fijon gida, ya kafa mata rumfar zana a bayan gida kusa da rumbunan hatsi, ya ce a kula masa da ita. Ta kai shekara uku a wurin ko taya ba ta juya ba.

Da aka yanke Jigawa daga Kano, sai hanya ta buɗe. Ma'aikata da 'yan kasuwa suka yi ta zirga-zirga tsakanin Gwaram, Birnin Kudu da Dutse, fasinja har rasa mota suke. Maikano ya ajiye aikin Kano, ya dawo gida da buhu guda na kayan mota.

To jama'a, mai hankali in motarsa ta daɗe a ajiye, sai ya fara tayar da ita ya ji lafiyarta tukuna. Ban da Maikano. Shi da kwalliya ya fara.

Ya cire tsohon kafireto ya sa sabo. Ya ɗaura rediyo mai kaset da manyan lasifiku. Ya sa hon mai waƙa, ya ƙara fitilu a gaba, ya ja sabbin wayoyi ta ko'ina. Ya kira mai fenti aka mayar da ita shuɗiya shar. A bakin salansa kuma, inda hayaƙi ke fita, ya ɗaura wani lanƙwasasshen bututu mai walƙiya da ya sayo a Kano. Duk wannan hidima, ko sau ɗaya bai murɗa makulli ba.

A lokacin kuwa idon Inna ya yi nisa. Yanar ido ta rufe shi, sai dai ta bi bango da danga tana lalube. Ana haka sai aka yi sanarwa cewa likitocin ido sun sauka a asibitin Birnin Kudu, suna cire yanar ido kyauta, amma ranar Alhamis za su tattara su tafi.

Ƙanen Maikano, Ishiyaku, manomi ne mai sanyin hali, ya same shi a gindin mota.

"Yaya, gobe akwai motar kasuwa. Bari in kai Inna tun da wuri, kada layi ya yi tsawo."

Maikano ya dube shi sama da ƙasa. "Motar da ake loda awaki da buhunan gero? Ina raye, ina da mota, uwata ta hau wannan? A gidan gaba zan sa ta, duk Kwandiko su gani."

Ishiyaku ya ce, "Allah ya sa," ya wuce gona.

Sai a ranar Maikano ya ɗora sabon batir, ya zauna, ya yi bisimilla, ya murɗa makulli. Inji ya juya, ya yi tari sau biyu, ya mutu. Ya sake. Tari biyu, shiru.

"Tsohon mai ne," in ji shi. Ya zubar da na tanki, ya aika aka sayo sabo. Tari biyu, shiru.

"Fulogi ne." Ya sauya duka. Tari biyu, shiru.

Ya tara samarin unguwa suka tura ta har bakin rafi, suka turo ta suka dawo, suna haki kamar sun yi noma. Hon dai yana waƙa, fitilu suna haske, rediyo yana kiɗa. Komai na motar nan yana aiki, ban da motar.

Yana tsaka da masifa, kansa cikin inji, sai ga Inna ta biyo danga da lalube. Ta tsaya daga nesa, ta kau da kai gefe kamar yadda ta saba in za ta yi masa magana.

"Na ce ba, Maikano. Shekarar nan da ɓeraye suka dame mu..."

"Inna, don Allah ki koma inuwa," ya katse ta ko ɗagowa bai yi ba. "Maganar ɓera daban, maganar inji daban. Na duba wayoyin nan, ba abin da ɓera ya ci."

Da wani ɗan ne cikin 'ya'yanta, da Inna ta daka masa tsawa ta ƙarasa maganarta. Amma wannan na fari ne. Ta juya ta koma ɗaki.

Washegari ya aika aka ɗauko Zulkifli, wani bakanike daga Birnin Kudu. Zulkifli ya duba wuta, tana zuwa. Ya duba mai, yana zuwa. Ya sosa ƙeya.

"Maigida, kafin ka sauya kayan nan, ka tayar da ita ka ji?"

"A'a. Me zan ji a tsohon kaya?"

"To ai ka ɗaure ni. Abu goma ka taɓa a lokaci ɗaya, ta ina zan san mai laifi? Mu mayar da tsohon kafireto mu gani. Sannan a tambayi mutanen gida, ko an yi mata wani abu da ba ka nan."

"Mutanen gida?" Maikano ya yi dariyar takaici. "Masu rumbu da fartanya zan tambaya ciwon mota? Kai dai yi aikinka."

Zulkifli ya yini yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, gumi har cikin ido. Da yamma ya zagaya baya ya durƙusa, ya kai hannu kan bututun nan mai walƙiya.

"Bari in cire wannan in leƙa. Yadda take mutuwa, kamar numfashi ne ba ya..."

"Kai! Kada ka kankare min shi! Sabo ne dal, da hannuna na ɗaura. Ciwo yana gaba, ka koma baya kana lalube. Anya ka iya aikin nan kuwa?"

Zulkifli ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya tattara sifanunsa. "To tunda ka fi ni sani, Allah ya ba da sa'a." Ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Ranar Laraba Ishiyaku ya sake zuwa. "Yaya, Inna ta ce in ka samu sarari ka leƙa ɗakinta, akwai magana a kan motar nan. Ban san ko mece ce ba. Sannan gobe ce fa Alhamis. Ka bar ni in kai ta."

Takaici ya riga ya kai wa Maikano wuya, sai ya sauke shi a kan marar laifi.

"Maganar da ke akwai ni na san ta! Kai ka zare wani abu a motar nan ka sayar, shi ne kuke son ku lallashe ni. Mota ce na bari lafiya lau! Kuma gobe da sassafe za ta tashi, ni zan kai uwata."

Idon Ishiyaku ya cika da ƙwalla. Ya ce, "Allah ya isar mini da gaskiyata, Yaya," ya fita.

Alhamis ta waye. Motar kasuwa ta yi lodi ta wuce. Inna ta yi wanka tun asuba, ta ɗaura zanenta na fita unguwa, ta zauna a kan tabarma da ɗan ƙullin kayanta tana jira. Hantsi ya yi, rana ta take. Daga bayan gida ba abin da take ji sai tari biyu, shiru.

Da aka kira azahar Ishiyaku bai ƙara neman izinin kowa ba. Ya ari babur, ya goya tsohuwa har bakin titi, suka tsaya jiran mota. Ko da suka isa asibitin Birnin Kudu la'asar ta wuce. Likitocin sun rufe aiki, an loda kayansu, sun kama hanya.

Ranar Juma'a da safe Maikano yana zaune a ƙasa, ya jingina da taya, hannu duk baƙin mai. Bakin nan mai amsa kafin tambaya ya mutu murus. Inna ta lalubo ta zo, ta dafa bayan motar. Wannan karon bai katse ta ba, don haka ta samu ta ƙarasa.

"Shekarar da ɓeraye suka dame mu, sun cinye mana rabin rumbu. Na ga suna shiga ta wani rami a gindin motarka. Ishiyaku ya tafi cin rani, ba wanda zan sa. Na ce amana ka bar mana. Sai na naɗe totuwar masara da tsumma, na tura ciki da sanda, na kwaɓa laka na liƙe, yadda muke liƙe bakin rumbu. Ban sani ba ko shi ne. Na dai so ka sani."

Maikano ya rarrafa ya kwance bututun nan mai walƙiya, ya zura ƙarfe. Busasshiyar laka ta dinga zubowa. Can sai ga totuwa, a naɗe da yankin tsohon zanen Inna.

Ya shiga ya murɗa makulli. Inji ya yi tari, ya yi aman baƙin hayaƙi, ya ɗauka da ruri har kaji suka watse.

Bai yi murna ba. Ya bar ta tana ruri, ya fito ya durƙusa a gaban Inna yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ya nemi gafararta, ya aika aka kira Ishiyaku ya nemi tasa.

Inna ta shafa jikin motar a hankali. "Ashe tana da murya haka," ta ce. "An ce ka yi mata fenti. Wane launi ne?"

"Shuɗi ne, Inna."

"To madalla. Zai yi kyau."

Sati na zagayowa ya sa Inna a gidan gaba ya kai ta wani asibitin ido a Kano. Masu jira suna da yawa, aka ce su dawo bayan Babbar Sallah. Kafin Sallar ta zo, Inna Mairama ta yi 'yar gajeruwar jinya, Allah ya karɓi abarsa.

Maikano ya yi shekaru yana haya da Fijon nan tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Fasinja sukan yi mamakin abu biyu game da shi: ba ya katse mai magana ko da yaro ne, kuma a gaban motarsa akwai wata tsohuwar totuwa a naɗe da tsumma, wadda ba ya bari kowa ya taɓa.

Darasi: Ka bar mutum ya ƙarasa maganarsa, musamman iyayenka, ko da kana ganin ba fanninsu ba ne. Matambayi ba ya ɓata, kuma wani lokaci amsar da kake kashe kanka wajen nema tana bakin wanda ka ce ya yi shiru. Kada girman kai ya sa ka jinkirta wa iyaye alheri, don mota takan jira gyara, amma rai ba ya jira. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai mai uwa a raye da zai karanta ya koma ya saurare ta yau.