Madatsar Jatau

An ce wai a zamanin da, a bakin wani babban kogi, an yi wani attajiri mai suna Jatau, mai gandun shinkafa da bayi masu yawa. Ya sa aka gina madatsa don ta kare gandun daga ambaliya, bukkokin bayin kuwa aka bar su a cikin kwari, ko oho.

Wata damina kogi ya cika ya batse. Da ruwa ya iske madatsa, sai ya juya ya nufi bukkoki, inda aka bar tsofaffi da jarirai. Wani bawa mai suna Nasamu, wanda 'yarsa ke kwance can, bai tsaya neman izinin kowa ba. Ya ɗauki fartanya ya fasa madatsar. Shinkafa ta tafi, rayuka suka tsira.

Al'adar wurin ba ta yarda a sayar da bawan gandu ba sai da laifi. Don haka Jatau ya sa aka ɗaure Nasamu tamau, aka kai shi gaban Alƙali Zubairu, a tabbatar da ɓarna, a sayar da shi inda ba zai ƙara ganin 'yarsa ba.

Alƙali ya tausaya masa, ya ce, "Ka ce dukiyar ubangijinka ka ceta, in sake ka."

Tsoro ya kama Nasamu ƙwarai, amma ya ɗaga kai ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ban ceci dukiyar kowa ba. Mutane na ceta. Gobe ma ruwan ya dawo, sai na fasa."

Jatau ya zabura. "Ka ji ko! Ko nadama babu!"

Alƙali ya ce, "To, Jatau, hukunci ya koma bakinka. Waɗanda ke cikin bukkokin nan, dukiya ne ko mutane? In dukiya ne, wannan ya ba da ƙaramar dukiyarka ya tsare babba, tukuici ya kamace shi. In kuwa mutane ne, ceton rai wajibi ne, sai mu tuhumi wanda ya gina madatsar da ta tura musu ruwa."

Gogan naka ya ga in ya ce mutane ne, tuhuma za ta dawo kansa. Can ya ce ƙasa-ƙasa, "Dukiya ne."

Aka kwance Nasamu. Ya miƙe yana murza sawun igiya a hannunsa, ya dubi Jatau ido cikin ido, ya ce, "Mutane ne."

Wanda ya mai da mutum dukiya, ranar shari'a harshensa ne zai ɗaure shi. Wanda kuwa ya ƙi sayar da gaskiyarsa, ko a ɗaure yake ɗa ne.