Tsohon da ke Cikin Taraktar Mode

Akwai wani direban tarakta a Runjin Sambo, sunansa Mode. Tun da na dawo gida ban iya zama wuri ɗaya, a garejin Junaid bakanike na tsinci labarin Mode.

Taraktar Mode mai ɗakin gilashi ce, da esi. Esin yakan jawo iska, ya bi da ita ta kan bututu masu sanyi, ya huro wa direba. Mode ya saba da sanyin nan har ya daina gaida leburorin fadama.

Junaid ya gargaɗe shi: "Salansarka, bututun hayaƙin nan, ta tsage, robar ƙasan ɗakin ta cinye. Hayaƙi na shiga, esi na juya maka shi. Bar ta in gyara."

"Sai bayan huɗa. Kai dai ba ka son ganin mutum cikin sanyi."

A fadama kuwa Mode ya kafa doka: in ya kulle yana hutawa, duk wanda ya taɓa gilashi ya bar aiki.

Wata rana da azahar, zafi kamar ya tsaga ƙasa, ya shige taraktar ya kulle ƙofa, ya bar inji na aiki. Kansa ya yi nauyi. Sai ya ji numfashin wani a gefensa. Ya juya da ƙyar, ya ga mahaifinsa da ya daɗe da rasuwa.

"Mode, buɗe ƙofa."

Hannunsa ya ƙi ɗaguwa.

Leburori na hango shi ya kife a kan sitiyari, amma ba mai ƙarfin halin matsawa. Sai Inna Habiba mai fura, wadda ya taɓa kora don ta jingina da tayar taraktarsa, ta ajiye ƙwarya, ta fizgi fartanya ta rotsa gilashin.

Suka jawo shi waje, suka yayyafa masa ruwa. Da ya farfaɗo ya ce, "Inna, wa ya ce ki fasa?"

"Tsohon da ke zaune kusa da kai mana, mai guntun yatsa. Shi yat ta yahito ni. Ina yat tahi?"

Leburori suka leƙa. Kujera ɗaya ce tak a ciki. Mode ya fashe da kuka, don lauje ya taɓa datse wa mahaifinsa yatsa.

Darasi: Kada sanyin da ka samu ya sa ka kulle ƙofa tsakaninka da mutane, ranar da numfashi ya ƙi, su ne za su buɗe. Ku tura wa direbobinku, a duba salansa kafin a rufe gilashi.