Karen Akuya Ya Daina Cin Tuwo

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo mu ji ta, mu sha dariya.

Akuya ce ke da wani kare wai shi Dunƙule, tana ji da shi kamar ɗan cikinta. Kullum ƙanzon tuwo take jiƙa masa. Maƙwabciyarta Kaza kuwa ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan ƙanzon nan.

Ran nan Kaza ta leƙo ta ce, "Haba Akuya! Karnukan birni ai sun daina cin hatsi, nama zalla ake ba su. Kawo ƙanzon in zubar miki."

Akuya, uwar son a sani, ta shiga ɗura wa Dunƙule hanta da kilishi. Kare ya murje, gashi sai sheƙi, tana yawo da shi gida-gida. Kaza kuwa tana bayan danga tana zubar da ƙanzo a cikinta.

Kwanci-tashi nama ya yanke. Akuya ta kawo tuwo, Dunƙule ya kau da kai.

"Uwar ɗakina, hatsi ba ya karɓa ta yanzu."

Akuya ta fusata ta ce, "To ga Kaza can, ita ta kawo shawarar, je ka cinye ta!"

Dunƙule ya ce, "Kaza? Cikinta fal hatsi ne." Ya lashe baki, ya ƙare mata kallo. "Ke kuwa, uwar ɗakina, ciyawa zalla kike ci, ko?"

Nan take Akuya ta tsallake danga, ta ranta a na kare. Har gobe kare bai daina bin ta ba.

Ƙurunƙus kan ɓera! Wanda ya ce ƙarya ce, ya tambayi Kaza.