Taɓaryar Gwaggo Kande

Tun zamanin da zaki ke shan ruwa da rana tsaka a gulbin Maraki, fari ya kori wasu maharba daga arewa, gida goma sha huɗu, tsofaffi da goyo. Jagoransu shi ne Mantau, wanda ake wa kirari da "Mantau mai ido a bakin kibiya, tsuntsu ya gan ka ya yi wasiyya." An ce yana harbin ɗan tsamiya ɗaya a cikin reshe, na kusa da shi ko motsi ba zai yi ba.

Ƙasar noma tana tsallaken gulbi, a hannun Sarkin Ruwa Arzika. Da suka roƙe shi wurin zama, sai ya nuna musu wata kuka a can hayi, ya ce, "Wanda ya kafa kibiya a jikinta daga nan, ƙasar tasa ce."

Mantau ya harba sau uku. Kowace kibiya ta miƙe sak ta nufi kukar, amma tun kafin gaci sai ta gaji ta faɗa ruwa. Arzika ya ba su wa'adi zuwa kaka mai zuwa, in sun sake kasawa su kwashe yaransu su ƙara gaba.

To, mutanen nan suna da wata al'ada. Sun yi imani aikin ƙarfi yana sandarar da hannun maharbi, saboda haka Mantau tun tasowarsa bai taɓa riƙe fartanya ba, ko tulu ba a barinsa ya sauke. Lallaɓa hannun nan ake kamar ƙwai. Ni dai a ganina ƙauna ce ta cuce shi.

Gwaggonsa Kande, tsohuwar da idonta ya fara dushewa, ta shekara hamsin tana daka. Ta lalubi kafaɗarsa ta ce, "Ɗana, idonka ya isa hayi, bayanka ne bai isa ba. Zo ka karɓi taɓarya."

"Gwaggo, ni da daka? A gaban mata?"

"Kunyar daka da binne yara a hanya, zaɓi ɗaya."

Ya karɓa. Ta fara masa da taɓarya marar nauyi, duk sabon wata a sassaƙa masa wadda ta fi, har aka kai ga ta icen ƙirya, wadda mata biyu ke ɗagawa. Kwana biyu yana daka, na uku ta hana shi taɓa komai, ta cika shi da wake da nama. Da hantsi kuwa dole ya ɗauki baka, don kada ido ya manta aikinsa.

A watan farko hannunsa rawa yake yi, har ya kuskure kurciya a kan reshe. Dattawa suka ce Kande ta kashe musu maharbi. Mantau ya ji tsoro ƙwarai, ya yi kuka a ɓoye, amma bai ajiye taɓaryar ba. A wata na huɗu rawar ta tafi. A na bakwai tsohon bakansa ya karye a hannunsa, aka yi masa sabo mai tauri.

Ranar alkawari aka jawo Kande bakin gulbi, lokacin ta makance sarai. Mantau ya ja tsirkiya har kunne, ya saki. Jama'a ba su riga sun buɗe baki ba, tsohuwar ta ce, "Ta shiga. Na ji ƙarar."

Suka haye, suka kafa garin da ake kira Kukar Mantau. Kande ba ta ci gero na farko da aka noma a can ba, kabarinta ne aka fara haƙawa a garin. Har yau duk saurayin da zai shiga kokawa, ko tsere, ko harbi, sai ya yi wata uku yana daka da taɓaryar ƙirya a gefen kabarin, tsofaffin mata na zaune suna gyara masa tsayuwa. Ba a taɓa jin wanda ya yi masa dariya ba.